Kwana biyun da Ilu bai sani ba

Shekara shida ke nan, a wannan wata na bayan ƙaramar salla, da muka kai ƙanena Iliyasu makwancinsa a Birnin Konni. Ilu muke ce masa a gida. A tashar manyan motoci kuwa Shef suke kiransa, wato shugaba, har waɗanda suka girme shi. Ni ban shiga lakwal ba, ban yi boko ba, faɗa nake yi ɗiyarsa tana rubutawa, kuma na gaya mata duk abin da ta ji bai yi mata daɗi ba game da ubanta, ta rubuta shi yadda ya fito daga bakina. Masu yabo sun yi nasu ranar uku, sun ƙara ranar arba'in. Ni na goye shi bayan rasuwar uwarmu, na san inda yake da kyau, na san inda ya gaza.

Aikinsa kula da ma'aikata ne a kamfanin wani Alhaji mai jigilar albasa da wake daga Galmi da ƙauyukan Malbaza zuwa bakin teku. Ni kuma ina da rumfar abinci a bakin ƙofar kamfanin, fiye da shekara ashirin ina zuba shinkafa da wake a wurin. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Daga bayan tukunyata ana ganin ƙofar buronsa, wato ofishinsa, ana ganin mai shiga da fuskar da ya fito da ita.

A wancan lokaci buron ma'aikata ɗaki guda ne, tebur guda, mutum guda da sakatariyarsa Zalika. Ilu ke ɗaukar direba, shi ke gwada shi a kan hanyar Tsarnawa ya ga yadda yake taka birki. Shi ke rubuta takardar hutu. In makanike da direba sun yi faɗa kan wanda ya lalata inji, gabansa ake zuwa. In matar wani ta haihu yana kan hanyar Kwatano, Ilu ke zuwa gidan ya tsaya a kan ragon suna. Na taɓa ganin ya bar cin abinci ya hau bayan babur ɗin kabu-kabu don ya je ya karɓo wani direba a hannun jandarma, ya dawo ya tarar na ba wani kwanon, bai damu ba.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne damina. Yawancin masu lodi da makanikai manoma ne, kuma duk wanda ya san ƙasar nan ya san ranar da ruwan shuka ya sauka a garin mutum, ba mai riƙe shi a wurin aiki ko da an ɗaure shi. Ilu bai taɓa yin gardama da wannan ba. Da safe sai ya tsaya a rumfata ya tambayi masu shigowa ina da ina aka samu ruwa. In an ce ya sauka a Alela, ya san mutum huɗu ba za su zo ba, sai ya jawo na wajen Illela su riƙe musu, don su nasu bai sauka ba tukuna. In ya sauka can, na Alela sun dawo. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, a kansa yake. Shekara da shekaru mota ba ta kwana don rashin mai lodi ba, gona ba ta rasa shuka ba.

To, ana cikin haka aka zo da maganar tafiya Yamai. Wata makaranta ta buɗe wa ma'aikatan kamfanoni karatu na shekara biyu, mutum ya zaɓi reshe guda na wannan aiki ya koye shi har ƙarshensa: ko dokar aiki da haƙƙin ma'aikaci, ko hanyar tace masu neman aiki, ko horar da waɗanda aka ɗauka. Alhaji ya ce zai tura mutum guda, ya fara da Ilu. Ilu ya zo ya zauna a kan bencina bayan azahar, lokacin da ciniki ya lafa.

Ya ce, “Yaya, in nit tahi nik koyo abu guda, sauran tara wa zai yi su?”

Na ce, “Ita Zalika mi taka yi?”

Ya yi dariya ya ce, “Zalika ta san takarda. Ba ta san wa ka hushi da wa ba.”

Na ce masa to ya zauna. Na ce mutumin da yake da iyali da mutane fiye da hamsin a wuyansa ba ya komawa benci kamar yaro. Wannan magana tawa ce, ba na ɗora ta a kan kowa. Da na ce ya tafi, ina jin da ya tafi, don bai cika ƙetare maganata ba. Sai aka tura Zalika, sakatariyarsa, yarinya mai shiru wadda ba ta taɓa cin bashin abincina ba kuma ba ta taɓa tsayawa hira ba. Ta zaɓi reshen doka.

Ba a yi wata biyar da tafiyarta ba abin ya faru. Lokacin kaka ne, ana lodin wake. Akwai wani makanike, Isaka, mutumin wani ƙauye a ƙasar Illela, wanda Ilu da kansa ya ɗauka tun yana wanke ƙarafa har ya zama wanda direbobi ke rububin tafiya da shi. Wata mota ta yi faci da kaya a kanta a kan hanyar Malbaza, Isaka ya shiga ƙarƙashi, jak ya zame. Hannunsa na dama motar ta danne.

Abin da Ilu ya yi a kwanakin nan kowa ya gani, kuma shi ake ta faɗa a wurin ta'aziyyarsa. Shi ya kai Isaka asibiti. Da aka ce ana son jini, ya tara direbobi aka gwada, aka ɗiba. Ya tafi ƙauyen ya ɗauko uban Isaka da matarsa, ya sauke su a gidana. Da likita ya ce sai an yanke hannun daga gwiwa, tsohon ya ƙi, Ilu ya zauna da shi wuni guda a gindin bedi har ya yarda. Geron Isaka ya nuna a gona ba mai yanka, sai ya zuba masu lodi a mota ranar Lahadi suka je suka yi masa gayya, suka ɗaure, suka kai rumbu. Ni na dafa abincin gayyar. Sai a rana ta tara, da ya ga mutumin ya fara shan kunu da kansa, ya zauna ya cika takardar haɗarin aiki, ya shiga mota ya kai ta birnin Tawa, ofishin da ke biyan ma'aikaci haƙƙinsa in ya naƙasa a bakin aiki. Ilu ya yi wa Isaka rajista a can tun da daɗewa, wannan kam bai yi sakaci da shi ba.

Ya dawo washegari da hantsi. Bai shiga buro ba, rumfata ya zo. Na zuba masa, bai ci ba. Da na kori masu zaman banza sai ya ce, “Yaya, ashe kwana biyu na. Cikin kwana biyu yak kamata a kai takardar. Sun ce na makara.”

Na ce, “Ba ka sani ba?”

Ya ce, “Ban sani ba.”

Na tambaye shi me suka ce a yi. Ya ce bai tsaya ya ji ba. Ma'aikacin ofishin yaro ne, ɗakin cike da mutane, ga shi an san shi Shef ne na Konni. Da ya ji kalmar makara, sai ya naɗe takardarsa ya fito. Wannan shi ne halin Ilu da ban taɓa iya gyarawa ba tun yana ƙarami: mutumin da kowa ke zuwa tambayarsa, ya manta yadda ake tambaya. Shekara goma sha biyar yana aikin, ba a taɓa samun haɗari mai girma haka a kamfanin ba, kuma bai taɓa buɗe littafin dokar ya karanta wannan wuri ba, don kullum akwai abin da ya fi gaggawa a bakin ƙofa.

Da Isaka ya fito asibiti ya tambayi labarin takardarsa, Ilu ya ce masa, “Tana tahiya.” Ina wurin. Na dube shi, ya kau da kai. Bayan wata uku aka sake tambaya, ya sake cewa tana tafiya, ai aikin gwamnati sai haƙuri. Ya roƙi Alhaji aka ba Isaka gadin ƙofa da rana, aka sa masa kujera kusa da rumfata, yana ɗaga sanda motoci suna shiga. Aiki ne da ba a rubuta shi a kowace takarda ba, kamar hutun shuka. Da shi Isaka ya ci gaba da ciyar da gidansa, yana jiran Tawa. Duk direban da ya dawo daga can sai ya tambaye shi ko ya ji wani abu, in an ce babu sai ya yi wa mutanen ofishin addu'ar da ba zan sa a jarida ba. Ni ina jin sa kullum, ina juya miya. Na yi wa Ilu magana sau biyu, ya ce in bari ya samu hanya tukuna. Ban ƙara ba.

Bai samu hanyar ba. Shekara uku bayan haɗarin, hawan jini ya kayar da shi a buro, kwana huɗu ya yi a kwance ya rasu. Zalika ta zo gaisuwa daga Yamai. Tun da ta gama karatun ba ta dawo Konni ba, don kamfanin Alhaji ba shi da kujerar mutumin da doka kaɗai ya sani, wani babban kamfani ya ɗauke ta a can. Na ja ta ɗaki na gaya mata maganar Isaka tun daga farko. Ta tambaye ni shekara nawa ke nan. Na ce uku.

Ta ce, “Inna, kwana biyun nan na kamfani ne. In kamfani ya makara, shi mai raunin yana iya kai maganarsa da kansa har shekara biyu. Da Shef ya aiko mini ko da wasiƙa ce, da a mako guda na gaya masa.”

Na ce, “Yanzu hwa?”

Ta ce, “Yanzu ta rufe, Inna.”

Ba ta faɗi haka da fahariya ba, kuka take yi. Amma na lura da abu guda, kuma zan faɗe shi: ita ma a shekara ukun nan ba ta taɓa tambayar yadda aka ƙare da Isaka ba, ko da yake labarin haɗarin ya kai mata. Ta san dokar, ba a kawo mata dosiye ba, wato takardun maganar, shi ke nan. Shi kuma yana da mutumin a gabansa kullum, bai san dokar ba. Tsakaninsu tafiyar wuni guda ce a mota.

Yau in Ilu ya tashi ya leƙa tsohon buronsa, ban san ko zai gane shi ba. Ƴaƴan Alhaji ke riƙe da kamfanin, motoci sun ƙaru, an raba ɗakin nan uku da katako. Akwai mai ɗaukar ma'aikata, akwai mai dokoki da takardun haɗari, akwai mai tsara tafiya da hutu. Kowa da kwamfutarsa, kowa da salularsa a kunne. Ilu ya rasu salula tana shigowa Konni, bai riƙe ta ba. Wani lokaci nakan ce da tana nan a shekarar haɗarin da ya kira Zalika. Sai kuma in tuna akwai gidan waya a lokacin, akwai direbobin da ke zuwa Yamai kowane mako. Ba waya ce ta hana shi ba.

Ina ganin abin da zai fara lura da shi shi ne ba wanda ke tambayar inda ruwa ya sauka. Bara waccan, a farkon damina, mutum shida suka ɓace kwana uku, sabon mai tsara hutu ya rubuta musu takardar gargaɗi, biyu suka yi zuciya ba su dawo ba, mota ta kwana biyu ba lodi. Yaron ɗan birni ne, bai yi laifi a dokarsa ba. Na ga wani direba da uwarsa ta rasu ya shiga ƙofa ta farko aka ce ta biyu, ta biyu aka ce ta uku, mai ta uku ya tafi taro, direban ya fito ya tsaya a tsakar fili yana juya hularsa. Da Ilu ya ga wannan, na san abin da zai ce, kuma da gaskiyarsa.

Sai dai akwai abin da zai gani ya yi shiru. Shekara biyu da suka wuce wani mai lodi ya faɗo daga kan kaya ya karya ƙugu. Kafin la'asar yarinyar da ke riƙe da dokoki ta je wurin, ta ɗauki sunayen shaidu, ta karɓi takardar likita, da asuba tana cikin motar Tawa. Ba ta je ƙauyensa ba, ba ta san sunan matarsa ba, geronsa kuwa ban san wa ya yanka ba. Amma mutumin yana karɓar haƙƙinsa har yau, kuma zai karɓa ko kamfanin ya rushe. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce wanda aka yi wa gayya ya fi shi.

Ƴan makaranta kan zauna a rumfata suna gardamar nan, musamman masu jiran a kira su gwaji. Wani ya ce gara ka san komai kaɗan-kaɗan, ƙaramin kamfani shi yake so, kuma daga nan ake zama shugaba. Wani ya ce gara ka kama abu guda ka fi kowa saninsa, a neme ka daga Yamai. Sukan tambaye ni don su yi dariya. Ba na ba su shawara, na ba da ita sau guda na ga abin da ta haifar. Abin da nakan ce kawai shi ne, wanda ya zaɓi hanyar Ilu ya san ƙofar wanda zai buga in ya kai iyakar saninsa, kuma ya buga ta ko da yaro ne a ciki. Wanda ya zaɓi ta Zalika ya riƙa fitowa bakin ƙofa yana ganin mutanen da sunayensu ke kan teburinsa. Sukan ce, “To, Inna,” su ci gaba da gardamarsu.

Saura maganar Isaka. Da aka raba buron, sababbin ma'aikata suka duba takardu ba su ga aikin gadin rana ba. An ba wani kamfanin masu gadi ƙofar, aka sallame shi da mutunci, kujerar ma aka bar masa. Yanzu yana sayar da fetur a kwalabe a bakin hanyar da ta nufi iyaka. Yakan danne mazurari da dungulmin hannun, ya tsiyaya da hagu, ba ya zubar da ko ɗigo. Ƴaƴansa biyar. Har makon jiya yana ganin takardarsa tana wani ɗaki a Tawa an danne ta.

Da na yi niyyar wannan rubutu na ga ba zai yiwu ya ji maganar a bakin mai karanta jarida a tasha ba. Na je na same shi da rana, ya ba ni kujerar ya zauna a kan jarka. Na gaya masa duka: kwana biyun, rana ta tara, yadda Ilu ya fito bai tambaya ba, shekara biyun da aka bari suka wuce, da kuma cewa ni na sani tun ranar farko. Ina cikin magana wani ɗan kabu-kabu ya tsaya, Isaka ya tashi ya zuba masa lita guda, ya dawo ya zauna.

Ya ce, “Inna, wato shekara tara ina zagin bayin Allah ba su ci mini komi ba?”

Na ce haka ne.

Ya ce, “Rashin sani, na yahe mishi tun yanzu, kowa na iya rashin sani. Amma kullum sahe shina wucewa gabana, shi ce mini ‘Isaka, ina kwana,’ shi ko ya san babu wata takarda. Da ya hwaɗa mini, da na tahi da ƙahwata na tambaya. Hannu nir rasa, ba baki ba.”

Ban kare ƙanena ba, ban kare kaina ba. Na tambaye shi ko ya yarda a sa sunansa. Ya ce a sa, kuma a rubuta maganar kwana biyu da ta shekara biyu yadda ɗan lodi zai gane in an karanta masa. Ga shi an rubuta. Da zan tashi ya tsayar mini da babur, ya ce wa yaron ya tafi da ni a hankali, amma bai ce in gaida gida ba.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Ilu bayan shekara shida, zan ce akwai direbobi a hanyar nan da har yau in sun wuce maƙabarta sukan rage gudu, akwai yara a ƙauyukan Illela da Alela masu sunansa waɗanda ba danginmu ba ne. Ya riƙe mutane da hannu biyu, kuma bai taɓa cin haƙƙin kowa don ya amfana ba. Akwai kuma mutum guda a bakin hanya da abin da ya kamata ya zama nasa har mutuwa bai zo masa ba, saboda abin da Ilu bai koya ba, da kunyar da ta hana shi faɗa, da shirun da na taya shi. Duka biyun nasa ne, ba na cire ɗaya don in bar ɗaya.

Kowace shekara mukan tara malamai a ƙofar gida a yi masa addu'a, kuma Isaka ne ke fara zuwa, tun kafin a shimfiɗa tabarmi. Bana an yi ta ranar Juma'ar da ta wuce. Bai zo ba, ban kuma aika a kira shi ba. Allah Ya jiƙan Ilu, Ya sassauta masa tambaya a kan abin da bai sani ba. Abin da ya sani ya ɓoye kuwa, wannan yana hannun Isaka, kuma zan jira shi.